Wanke Hannu da Fetur da Sauran Al'adunmu na Gareji: Ina Neman Shawarar Manya

Bakanike, Ƙofar Ruwa:
Assalamu alaikum. Ina da wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina roƙon manyanmu da ke wannan zaure su dube ta da idon basira. Shekarata 17 ina gyaran mota, kuma kafin in iya bambance sifana mai lamba 10 da mai lamba 12, na riga na iya wanke hannu da fetur, domin haka na tarar maigidana yana yi, haka kuma yarana suka tarar ina yi. A cikin yaran akwai wani ɗan shekara 14 da mahaifiyarsa ta ba ni amanarsa bara. Ranar Talatar da ta wuce muna alwalar azahar na ga yana cije baki idan ruwa ya taɓa hannunsa, da na kama hannun na duba sai na ga fatar ta yi fari kamar an barbaɗa toka, tsakanin yatsun duk ya tsattsage, wani wurin har yana tsattsafar da jini. Ashe ya fi wata guda ba ya iya cin garau-garau da hannu saboda yaji, kuma bai faɗa wa kowa ba. Shi ne yake wanke mana kayan inji a cikin kwanon fetur tun safe har yamma. Tambayata ita ce, fetur ɗin ne ya yi masa haka, kuma idan shi ne, da me bakanike zai fitar da baƙin mai daga hannunsa?

Tsohon mai gareji, Zariya:
Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya saka maka da alheri da ka lura da yaron, amma kada ka ɗaga hankalinka. Na haura shekara 40 a wannan sana'a, da fetur da kananzir na wanke hannuna duk tsawon wannan lokaci, kuma ga ni nan da raina da lafiyata. Lokacin hunturu ne, fatar kowa tana bushewa. Ka saya masa man kaɗanya ya riƙa shafawa da dare, zai warke. Masu cewa a yi amfani da sabulu ba su taɓa kwance giyabos ba, domin sabulu ba ya fitar da baƙin mai, kuma yawancin garejinmu babu famfo, ruwan ma wajen 'yan garuwa muke saye.

Ma'aikaciyar jinya, Kaduna:
Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Maganar man kaɗanya gaskiya ce, amma ina neman izini in ce ba hunturu kaɗai ba ne. Fatar mutum tana da wani maiƙo nata na halitta wanda yake tsare ta daga bushewa, kuma fetur ba ya bambance giris ɗin mota da wannan maiƙon, duka yake narkarwa ya tafi da su. Idan aka yi haka sau ɗaya fata tana mayar da abin da ta rasa, amma idan hannu yana cikin fetur kullum ba ta samun sararin farfaɗowa, sai ta bushe, ta yi kaushi, ta tsage. Da zarar ta tsage kuwa, ƙofa ta buɗe ga ƙwayoyin cuta da kuma guba.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ido ba ya gani. A cikin fetur akwai wani sinadari da ake kira benzin, wanda yake shiga jiki ta numfashi da kuma ta fata, kuma masana sun daɗe da tabbatar da cewa yana haddasa sankarar jini. Baƙin man da ake juyewa daga inji shi ma yana ɗauke da ragowar ƙonewa da ke iya jawo sankarar fata ga wanda ya daɗe yana cuɗanya da shi. Irin waɗannan cututtuka ba sa bayyana a mako ko a wata, sukan ɗauki shekaru, kuma ba kowa suke kamawa ba, shi ya sa mutum ɗaya zai yi shekara 40 lafiya ƙalau alhali abokin aikinsa ya kwanta ciwon da ba wanda ya danganta shi da gareji. Yaro ɗan shekara 14 kuma yana da doguwar tafiya a gabansa, abin da zai tara a jikinsa ya fi na wanda ya fara da girma.

Malam mai tambaya, ka cire hannun yaron daga fetur gaba ɗaya har ya warke, kuma idan wurin ya kumbura, ya yi zafi ko ya fara ruwa, ka kai shi asibiti, kada ka tsaya a kemis.

Tsohon mai gareji, Zariya:
'Yata, na ji bayaninki kuma ban raina shi ba. Sai dai na san inda maganar za ta nufa, za a ce mu sa safar hannu. Na taɓa ganin safar hannu ta kusa raba mutum da yatsunsa, lokacin da bel ɗin fanka ya kama bakinta ya fizge hannun. Ban da haka, wanda ya sa safa ba ya jin zaren noti a yatsansa, kuma a zafin watan Afrilu hannu yakan jiƙe da gumi cikin minti kaɗan.

Malamin kwalejin fasaha, Kano:
A wannan gaɓar ina bayan Baba, kuma abin da muke koya wa ɗalibai ke nan. Duk injin da yake juyawa, ko na huda ƙarfe ne, ko na sassaƙa, ko injin mota da ke kunne, ba a kusantarsa da safar hannu, ko riga mai faɗin hannu, ko zobe, ko carbi a wuya, domin abin da ya kama ba ya saki. Safa tana da wurinta, wato wajen juye mai, wanke kayan inji da taɓa ruwan batir, kuma a nan ma ba ta yadi ake nufi ba, domin ta yadi tana shan man ta riƙe shi a jikin fata, wanda ya fi rashin safar muni. Ta roba mai kauri ake nufi, irin wadda mai ba ya cinyewa. Wanke kayan inji kuwa ba dole sai an tsoma hannu ba, buroshi mai dogon mariƙi da kwandon waya sun isa.

Game da wanke hannu, ga abin da na gwada da kaina shekara da shekaru. Maiƙo ne yake narkar da maiƙo, saboda haka ka fara zuba ɗan man gyaɗa kamar rabin cokali a busasshen hannu, ka murza sosai har baƙin ya saki, ka goge da tsumma mai tsabta, sannan ka wanke da sabulu. Idan dattin ya kama sosai, ka haɗa sabulun da ɗan garin katako mai laushi daga wajen kafinta, shi zai kankare abin da ya maƙale a layukan tafin hannu. Ruwan da wannan ke ci bai wuce buta ɗaya ba. Yanke farce ma yana cikin aikin, domin a ƙarƙashinsa baƙin mai yake ɓuya ya bi loma zuwa ciki. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ban ga ma ribar da ta rage a wanke hannu da fetur ba, sai dai na san yawanci da ragowar wanda aka wanke kafireto ake yi, wanda shi ne mafi ƙazanta.

Akwai kuma batun alwala da ya kamata mu tambayi malamanmu a kai, domin giris mai kauri da busasshen fenti suna hana ruwa isa ga fata.

Uwargidan bakanike, Katsina:
Ina gaishe da iyaye da yayye. Ku gafarce ni da shiga maganar maza, amma dattin gareji ba a gareji yake kwana ba, gidajenmu yake zuwa. Maigidana yakan dawo da kayan aikinsa a jikinsa, yara su ruga su rungume shi, ƙaramar ta hau cinyarsa tana wasa da aljihunsa, sannan ta sa hannu a baki. Da can a baho ɗaya nake jiƙa kayansa da na yara don tattalin omo, sai na lura kayan jaririyar suna warin mai ko bayan sun bushe. Yanzu na ware masa bokiti dabam, amma har yau ban shawo kansa ya riƙa sauya kaya kafin ya taho ba, yana cewa babu wurin da zai tuɓe a gareji.

Mai gyaran batir, Maraɗi:
Hajiya ta taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Aikina fasa tsofaffin batura ne da narkar da dalma don gyaran kawunansu, kuma sau da yawa a zauren gidana nake ƙarasa aikin da dare. Ina sane da haɗarin ruwan batir, domin ya sha cinye mini wando, kuma na san ba a kunna ashana kusa da batirin da ke caji saboda iskar da yake fitarwa tana kamawa da wuta. Amma dalmar kanta ban taɓa ɗaukarta a matsayin guba ba, tun da ba ta ƙuna kuma ba ta wari.

Ma'aikaciyar jinya, Kaduna:
Malam, don girman Allah ka fitar da wannan aiki daga gidanka tun yau. Rashin warinta da rashin ƙunarta su ne suka sa ta fi ruwan batir haɗari. Ka tuna abin da ya faru a Zamfara a shekarar 2010, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400. Iyayen ba su yi nufin cutar da kowa ba, duwatsun zinariya kawai suke kawowa cikin gida ana daka su ana niƙawa, ƙurar ta zauna a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna cin ƙasa. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, suka lura da yawan mace-macen yara aka gano bakin zaren, kuma sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Jikin yaro yana shan dalma fiye da na babba nesa ba kusa ba, kuma ko ba ta kashe shi ba tana taɓa ƙwaƙwalwarsa ta yadda ba ya dawowa daidai, ya taso karatu yana yi masa wuya ba a san dalili ba. Hayaƙin da kake shaƙa wajen narkarwa da ƙurar da ke jikin rigarka da takalminka duk hanya ɗaya ce. Kada ka ci abinci ko goro a wurin aikin, ka wanke hannu da fuska kafin ka ci, kuma idan da hali a auna jinin yaranka.

Ruwan batir kuma idan ya fantsama a ido, ba a jira a kai asibiti, a nan take ake buɗe idon a yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta na aƙalla minti 20, sannan a tafi.

Mai walda, Panteka:
Tun da an zo maganar ido, bari in faɗi namu. Babu mai waldar da bai san daren da ido ke yi kamar an zuba masa yashi ba. Da rana ba ka jin komai, sai bayan isha'i hawaye su fara zuba, ka kasa buɗe ido ka kasa rufewa har asuba. Yawancinmu baƙin tabarau na kasuwa muke sawa, wasu ma runtse ido kawai suke yi idan za su ɗiga walda. Ni dai na koma gilashin walda na gaske tun da na ga maigidana ya kai ga ba ya gane fuskar mutum sai an matso. Amma ina da tambaya a kan madara. Mun gada cewa bayan aikin ƙarfe mai rufin tutiya, ko bayan feshin fenti, a sha madarar gwangwani ta wanke ƙirji, kuma ni ina jin sauƙi idan na sha.

Malamin kwalejin fasaha, Kano:
Ɗan'uwa, madara ciki take tafiya, hayaƙi kuwa huhu yake shiga, hanyarsu ba ɗaya ba ce, saboda haka ba ta wanke komai. Zazzaɓin da hayaƙin tutiya ke sawa, mai zuwa da sanyi da ciwon jiki da dare, yakan sauka da kansa cikin kwana ɗaya ko biyu, sai a ba madara ladan da ba nata ba. Abin tsoron shi ne mutum ya dogara da ita ya ci gaba da shaƙa, alhali tun shekarar 2017 hukumar binciken sankara da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin walda cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar huhu. Ka yi aikinka a fili, ka tsaya ta yadda iska za ta kwashe hayaƙin daga fuskarka, kuma ka kankare rufin tutiyar daga inda za ka ɗinke kafin ka fara.

Baƙin tabarau na kasuwa ba a yi shi don wannan haske ba. Gilashin waldar lantarki yana da lamba a jikinsa, yawancin aikinmu daga 10 zuwa 13 yake buƙata, kuma garkuwar tana kare fatar fuska ma, ba ido kaɗai ba. Yaron da yake riƙe maka ƙarfe shi ma hasken yana dukansa daidai da kai. Sannan ina roƙon masu injin gurza su daina cire murfinsa. Kowane faifai an rubuta iyakar gudunsa a jikinsa, babba mai faɗin milimita 230 bai wuce juyi 6,600 a minti ba, ƙaramin inji kuwa yana haura 10,000, don haka wanda ya cire murfi ya ɗaura babban faifai a ƙaramin inji ya shirya wa fuskarsa abin da zai tarwatse.

Ɗan koyo, Gusau:
Ina gaishe da iyayena, kuma ina neman afuwa idan na yi rashin kunya. Duk abin da aka lissafa a nan, mu yara ne muke yin mafi munin sa. Ni ake turawa in zuƙo fetur da tiyo a baki, ni nake shiga ƙarƙashin mota tana kan jak ɗaya, ni nake hure ƙurar birki, kuma da silifas nake yin duk wannan. Ranar da ƙarfe ya yanke ni a ƙafa, man birki aka zuba mini aka ɗaure da tsumma aka ce in koma aiki. Abin da nake samu a rana bai wuce kuɗin abinci da na mota ba, to da me zan sayi takalmi ko safa? Wata rana na ɗaura hankici a hanci saboda ƙura, sai manyan yara suka yi ta yi mini dariya suna cewa na zama likita, ban sake ɗaurawa ba.

Ma'aikaciyar jinya, Kaduna:
Ƙanena, ba ka yi rashin kunya ba. Man birki ba magani ba ne, zafin da yake yi naman wurin yake ƙonawa, ya kuma jinkirta warkewa. Ruwa mai tsabta da sabulu su ne farkon maganin yanka, sannan a rufe da bandeji. Idan raunin ya yi zurfi ko ƙasa ta shiga, ka je a duba ko kana buƙatar allurar tetanus, domin ƙwayar cutar a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune, kuma wanda ta kama haƙoransa sukan sarƙe jikinsa ya sandare. Zuƙo fetur da baki kuwa ka daina ko da za a yi maka faɗa, domin ɗan kaɗan idan ya sarƙe ka ya gangara huhu yana iya kwantar da kai. Idan wani ya haɗiye shi, kada a sa shi amai kuma kada a ɗura masa manja, domin wajen aman ne yake komawa huhu. Ƙurar birki ma a jiƙa tsumma a goge ta, kada a hure, saboda wasu takalman birki suna ɗauke da asbestos, wani sinadari da ƙurarsa ke cutar da huhu.

Tsohon mai gareji, Zariya:
Maganar yaron nan ta hana ni barci jiya, kuma zan faɗi abin da ban cika faɗa ba. Shekaru da dama da suka wuce na tura wani yarona ƙarƙashin wata tsohuwar Peugeot ya kwance salansa, motar tana kan jak, ƙasar wurin kuma ta jiƙe da ruwan sama. Ina tsaye ina ciniki da mai motar na ji ƙara, jak ɗin ya nutse ya zame. Mu shida muka ɗaga motar da hannu muka jawo shi. Ya rayu, amma ƙugunsa ya karye, ya yi watanni yana jinya a asibitin ƙashi na Dala, kuma har yau da sanda yake tafiya. Kututturen icce guda biyu da za su tare motar suna jingine a bango, taku biyar daga inda nake tsaye. Mahaifinsa ya ce ƙaddara ce ya yafe mini, ni ma na yarda ƙaddara ce, amma na san abin da ban yi ba. Tun daga ranar babu mai shiga ƙarƙashin mota a garejina sai an tokare ta an kuma sa dutse a tayoyi. A kan fetur ban gama gamsuwa ba, zan gwada man gyaɗan malam in gani. Amma a kan cewa nauyin yaro yana wuyan maigidansa, ba ni da ja.

Malamin kwalejin fasaha, Kano:
Allah ya saka wa Baba da alheri, wannan labari ya fi duk abin da na rubuta. Doka ma a wuyan maigida ta ɗora nauyin. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta wa mai wurin aiki samar da ruwan sha, wurin wanke hannu, akwatin taimakon gaggawa da kayan kariya, sannan dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi asusun da hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke kula da shi don wanda ya ji rauni a bakin aiki.

Mai walda, Panteka:
Malam, da girmamawa, waɗannan dokoki ba su san hanyar rumfunanmu ba, kuma ɗan koyo ba shi da takardar ɗaukar aiki balle ya nemi diyya. Abin da na ga yana aiki a wurinmu shi ne ƙungiya. Idan shugabannin ƙungiyoyin kanikawa, irin su NATA, da na masu walda suka ce duk wanda aka kama yaronsa a ƙarƙashin motar da ba a tokare ba zai biya tara, gobe kowa zai nemo kututture. Dariyar da ake yi wa yaron Gusau ma ba za ta tsaya ba sai ranar da aka ga oga da kansa ya rufe hancinsa.

Bakanike, Ƙofar Ruwa:
Na gode wa kowa, musamman Baba da Hajiya ma'aikaciyar jinya. Jiya na kai yaron asibiti, an ba shi man shafawa an ce ya nisanci fetur, don haka na mayar da shi wajen miƙo kaya da kula da sifanu. Na sayi jarka mai famfo a gindi, da sabulu, da kwalbar man gyaɗa, da safar roba guda biyu, kuma duka kuɗin bai kai abin da nake karɓa a gyaran birkin mota ɗaya ba. Baƙin bai fita daga hannuna sarai a wankin farko ba, sai da na maimaita. Mun kuma kewaye bayan rumfa da tsohon kwano don a samu wurin sauya kaya, saboda maganar Hajiya ta Katsina. Abin da ya rage mini shi ne baƙin man da muke juyewa, wanda har yanzu rabinsa a kwata yake ƙarewa, rabi kuma masu shafa wa katako suke saye. Ranar Asabar akwai taron 'yan layinmu bayan la'asar, kuma ina so in kai maganar tara da ta ganga ɗaya ta tara baƙin mai. Idan akwai wanda layinsu ya riga ya yi irin wannan tsari, ina roƙon ya faɗa mini yadda suka raba kuɗin gangar da kuma wanda yake zuwa kwashewa.